Gamzaki, Zara da Dutsen Zagami: Amsoshin Tambayoyinku Kan Duniyoyin da Ke Zagaye Rana

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu kan sararin samaniya ne, don haka muka haɗa su wuri guda. Za mu yi amfani da sunayen da malaman falaki suka gada daga Larabci inda akwai su: Uɗaridu, wadda littattafan boko ke kira Makuri, sai Zuhura, Mirrihu wato Mas, Mushtari wato Jufita, da Zuhalu. Yuranus da Naftun ba su da tsohon suna, domin ba a san da su ba sai da aka ƙera madubin hangen nesa.

Tambaya, daga wani dattijo a Daura: Tun muna yara aka nuna mana Gamzaki da asuba, aka nuna mana Zara matar wata da almuru. Jikana ya dawo daga makaranta ya ce wai abu ɗaya ne, kuma wai ba ma tauraro ba ne. Ina gaskiyar magana?

Amsa: Baba, jikanka ya riƙe karatunsa. Gamzaki da Zara duk Zuhura ce, duniya ta biyu daga rana. Ba ta da hasken kanta, na rana take maidowa, kuma gajimaren da ya lulluɓe ta yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken da ya same shi. Shi ya sa in aka cire rana da wata babu abin da ya kai ta haske a sama.

Hanyarta tana cikin tamu, wato ta fi mu kusa da rana, saboda haka ba ta taɓa yin nesa da rana a ganinmu. Iyakar ratar ita ce digiri 47. Ka miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, to ba za ka taɓa samun Zara ta wuce dunƙule biyar daga inda rana take ba. Tana yin wata takwas da 'yan kai tana fitowa a yamma bayan magariba, sai ta ɓace na kamar mako guda yayin da take giftawa tsakaninmu da rana, ta ɓullo a gabas kafin alfijir ta yi wasu wata takwas ɗin, sannan ta shige bayan rana kusan wata biyu. Zagayen gaba ɗaya kwana 584 ne. Ga gwajin da za ka yi da kanka: a watannin da Zara ke haskawa da almuru, ka duba gabas da asuba, ba za ka sami Gamzaki ba. Idan ka ga wani mai haske a tsakiyar sama da tsakar dare, ba ita ba ce, mai yiwuwa Mushtari ce.

Kyanta daga nesa ne kawai. Iskarta kashi 96 cikin 100 kabon dayoksaid ce, mai riƙe zafi, gajimarenta kuma asid ne irin na ruwan batir. Zafin doron ƙasarta ya kai 465 a ma'aunin Salshiyas, ya ishi narka dalma, ya ma fi na Uɗaridu da ta fi ta kusa da rana. Kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyet da ya sauka can a 1982 minti 127 ya yi yana aiki kafin ya mutu.

Tambaya, daga wani malamin firamare a Gusau: Littafin da nake koyarwa da shi cewa kawai ya yi rana da duniyoyi daga ƙura suka samu. Yara suna tambaya ta yaya, ni kuma ba ni da abin faɗa. A warware mini daki-daki.

Amsa: Malam, littafin ya taƙaita har ya yi rowa. Abin da masana suka tattaro shi ne, shekara biliyan 4.6 da suka wuce akwai wani makeken gajimare mai tsananin sanyi a wannan yanki na sarari. Kusan kashi uku cikin huɗu nasa iskar haidirojin ce, kusan kashi ɗaya hiliyam, sauran abubuwa duka, da ƙarfe da dutse da ruwa, ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Wannan ɗan ragowar shi ne ƙurar da littafinka ke nufi, kuma da shi aka yi ƙasar da muke takawa.

Wani sashe na gajimaren ya yi kauri har nauyinsa ya rinjaye shi, ya fara rufta wa kansa. Yana da ɗan juyi tun asali, da ya tsuke sai juyin ya ƙaru. Za ka iya nuna wa yara wannan da tsakuwa da zare: ka wulwula ta, ka bar zaren yana naɗewa a yatsanka, za su ga yadda gudun ke ƙaruwa yayin da zaren ke gajarta. Abin da ke juyawa da sauri yana iya ruftawa ta sama da ta ƙasa, amma ta gefe juyin yana hana shi, don haka gajimaren ya baje ya zama kamar faifai, da tudu a tsakiya. Tudun nan ya haɗiye kusan komai. Rana ita kaɗai ta ɗauke kashi 99.8 cikin 100 na nauyin tsarin duka. Matsi ya yi ta ƙaruwa a cikinta har haidirojin ya fara haɗewa yana zama hiliyam, wanda shi ne wutar da take ci har yau, da zafin da ya kai digiri miliyan 15 a tsakiyarta.

A cikin faifan kuma ƙwayoyin ƙura suna gogar juna suna mannewa, kamar yadda gari ke yin gudaji in an yayyafa masa ruwa ana juya shi. Daga ƙura zuwa tsakuwa babu wuya. Matsalar tana farawa ne in abu ya doshi girman tulu. Duwatsu masu wannan girma in sun yi karo ba sa mannewa, tarwatsewa suke yi. Ga kuma iskar faifan, wadda ke tafiya a hankali fiye da dutsen, tana yi masa birki, har lissafi ya nuna dutse mai faɗin mita guda a daidai inda duniyarmu take zai gangara ya faɗa rana cikin kamar shekara 100. Wannan ya daɗe yana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Amsar da ta fi karɓuwa yanzu ita ce tsakuwoyin ba su bi ta wannan matakin ɗaya bayan ɗaya ba. Iska ce ke tara su garke-garke, in garken ya yi yawa sai nauyinsa ya dunƙule shi gaba ɗaya ya zama dutse mai faɗin kilomita gomomi zuwa ɗari. Daga nan ƙarfin janyowa ya karɓi aikin: babba yana jawo ƙarami, yana ƙara girma, yana ƙara jawowa.

Ƙarshen aikin ba cikin lalama aka yi shi ba. A yankinmu an sami jariran duniyoyi da dama, suna ta karo da juna tsawon miliyoyin shekaru har huɗu suka rage. Bayanin da ya fi ƙarfi kan asalin wata shi ne wata jaririyar duniya mai girman Mirrihu ce ta daki duniyarmu, tarkacen da ya fantsama ya haɗu ya zama wata.

In yaro ya ce wa ya gani, ka ba shi hujja biyu. Duniyoyi takwas duka a shimfiɗe guda suke tafiya, kuma duka ɓangare guda suke zagayawa, ɓangaren da rana kanta ke juyawa. Ta biyu, a 2014 na'urar hangen nesa ta ALMA da ke ƙasar Cile ta ɗauko hoton wani jaririn tauraro mai suna HL Tauri, ga faifansa a fili, da layuka baƙaƙe a jiki inda ake jin duniyoyi ne ke share ƙura.

Tambaya, daga wata ɗalibar sakandare a Damagaram: Me ya sa huɗun da ke kusa da rana ƙanana ne na dutse, huɗun waje kuma ƙatta? Ni da na ɗauka na kusa da rana ne za su fi samun kaya.

Amsa: 'Yata, zafi ne ya yi rabon. Kusa da jaririyar rana babu abin da ke iya daskarewa sai ƙarfe da dutse, su kuwa ba su da yawa a gajimaren. Da ɗan abin da aka samu aka gina Uɗaridu, Zuhura, duniyarmu da Mirrihu. Amma daga nisan da ya kai kamar ninki uku na tsakaninmu da rana, sanyi ya isa ruwa ya zama ƙanƙara, ƙanƙara kuma ta shiga cikin kayan gini. A can sai ginin ya yi sauri. Duk wadda ta kai nauyin duniyarmu kamar sau 10 tana da ƙarfin riƙe haidirojin da hiliyam, kuma da ta fara zuƙa ba ta tsayawa.

Sai dai akwai wa'adi. Iskar faifan 'yan miliyoyin shekaru kawai ta yi kafin haske da iskar rana su kore ta, kamar yadda iska ke kwashe ƙaiƙayi a wurin shiƙa ta bar tsaba. Mushtari ta riga kowa, ta kai nauyin duniyarmu sau 318, fiye da ninki biyu na sauran bakwai in an haɗa su. Zuhalu ta sami sau 95. Yuranus da Naftun sun makara, suka tashi da sau 15 da sau 17, yawancinsa ruwa da dangoginsa.

Mushtari ba ta tsaya ga cin rabonta ba. Duwatsun da ke tsakaninta da Mirrihu ta hana su haɗewa, tana fizgarsu suna karo da ƙarfi suna farfashewa, ta kuma watsar da mafi yawansu. Abin da ya rage a can yau, in an tattara shi duka, bai kai kashi 5 cikin 100 na nauyin wata ba. Saboda haka maganar da ake yi cewa wata babbar duniya ce ta fashe a wurin ba ta da tushe.

Kada dai ki ɗauka ko'ina haka tsarin yake. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz sun gano wata ƙatuwar duniya da ke zagaye tauraro 51 Pegasi cikin kwana huɗu kacal, manne da shi. Wannan ya nuna duniya tana iya tashi daga inda aka haife ta ta yi ƙaura.

Tambaya, daga wani mai karatu a Zangon Kumasi: Shekara biliyan 4.6 ɗin nan, wa ya ƙirga?

Amsa: Dutse ne ya ƙirga, ɗan'uwa. Sinadarin yuraniyam yana rikiɗewa a hankali ya zama dalma, da saurin da zafi ko sanyi ba sa canza shi. Nau'insa guda yana ɗaukar shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya rikiɗe, ɗaya nau'in kuma miliyan 704. In aka auna yawan yuraniyam da ya rage a cikin ƙwayar dutse da yawan dalmar da ta taru, sai a lissafo tun yaushe ta daskare. Amfanin nau'i biyun shi ne agogo biyu ne a dutse guda. In wani abu ya taɓa dutsen, misali ya sake narkewa ko dalma ta zurare, agogon biyu za su saɓa, sai a san awon ya lalace.

Duwatsun duniyarmu ba su dace da wannan aiki ba, don ƙasa tana narka su tana sabuntawa. Mafi tsufan abin da aka samu a nan wasu ƙananan ƙwayoyi ne daga yammacin Ostareliya, masu shekara biliyan 4.4. Duwatsun da ke faɗowa daga sama su ne ba a taɓa ba. Clair Patterson ya auna su a 1956 ya sami biliyan 4.55. Daga baya aka auna wasu fararen ɗigo-ɗigo da ke cikin irin dutsen da ya faɗo a Allende ta ƙasar Meziko a 1969, aka sami shekara miliyan 4,567. Daga nan ake fara ƙirga.

Tambaya, daga wata malamar kimiyya a Maraɗi: Ina so in nuna wa ɗalibai nisan duniyoyi a zahiri. Zanen allo ba ya gamsar da ni.

Amsa: Kina da gaskiya, Malama, zanen allo yana jera su kamar ƙwai a kiret, alhali yawancin wurin fili ne fetal. Ki sami ƙwallon ƙafa, faɗinta santimita 22, ita ce rana. Ki aje ta a bakin fili. Uɗaridu ƙwayar yashi ce a mita 9. Zuhura ƙwayar gero a mita 17, duniyarmu wata ƙwayar geron a mita 24, watanmu kuma ɗigon biro ne santimita 6 daga gare ta. Mirrihu rabin ƙwayar gero ce a mita 36. Ki manna kowace a kan farar takarda, in ba haka ba za su ɓace a ƙasa.

Daga nan tafiya ta miƙe. Mushtari ƙaramin goro ne a mita 123, kin riga kin fita daga filin ƙwallo. Zuhalu 'yar magarya a mita 226, Yuranus ƙwayar gyaɗa a mita 454, Naftun wata gyaɗar a mita 711. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a auna girma da ma'auni ɗaya, nisa da wani, sai darasin ya tashi a banza. In ɗalibi ya tambayi tauraro mafi kusa, a wannan ma'aunin yana kilomita 6,300 daga ƙwallon, kusan ninki biyu na nisan Makka daga ƙasar Hausa.

Tambaya, daga wani mai karatu a Garwa: Mu dai duniyoyi tara aka koya mana. Ina aka kai Fuluto?

Amsa: Tana nan inda take, suna kawai aka sauya mata. An gano ta a 1930, aka zaci babba ce, sai awo ya nuna faɗinta kilomita 2,377 ne, ba ta kai watanmu mai 3,474 ba. A 2005 aka gano Eris a can bayanta, wadda ta fi ta nauyi, ga wasu ire-irenta suna ta ɓullowa. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta zauna a birnin Firag a Agustan 2006 ta kafa sharaɗi uku: abu ya zagaya rana, nauyinsa ya dunƙule shi, kuma ya zama shi ke da iko da hanyarsa. Fuluto ta faɗi a na uku. An taɓa yin irin haka da Ceres, babbar cikin duwatsun da ke tsakanin Mirrihu da Mushtari, wadda aka gano a 1801 aka lissafa ta cikin duniyoyi shekaru da dama kafin a cire ta. Akwai masanan da har yau ba su yarda da sharaɗin na uku ba, kuma suna da abin faɗa, amma mu a ganinmu takwas ɗin ya fi sauƙin karewa, in ba haka ba lissafin ba zai tsaya a tara ba.

Tambaya, daga wata uwargida a Zariya: Ana ta turo saƙo a WhatsApp wai duniyoyi za su jeru a layi, wai girgizar ƙasa na tafe.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Kullum a layi guda suke a ganinmu, layin da rana da wata ke bi, tunda daga faifai guda suka fito. Abin da ke faruwa wani lokaci shi ne da yawansu su kasance a sama a dare guda. Ko da dukansu sun taru a gefe ɗaya, jan da za su yi wa teku da ƙasa bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wanda wata ke yi kowace rana ba.

Tambaya, daga wani manomi a Funtuwa: Na ji an ce dutsen duniyar Mas ya taɓa faɗowa a ƙasar Katsina. Da gaske ne? Kuma in mutum ya tsinci baƙin dutse mai nauyi a gona, yaya zai gane ko daga sama yake?

Amsa: Da gaske ne, Malam, kuma ba nesa da kai ba. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami, 'yan taku kaɗan daga wani manomi. Da sunan garin aka san shi a duniya. Wani babban dutse ne ya taɓa dukan Mirrihu da ƙarfin da ya cilla ɓaraguzanta sarari, wannan gutsuren ya yi ta yawo kafin ya ci karo da mu. Abin da ya tabbatar da asalinsa iska ce da ta maƙale a cikin wasu ƙananan wurare masu kama da gilashi a jikinsa. Da aka auna ta, sai ta dace da iskar Mirrihu da kumbunan Viking na Amurka suka auna a 1976. Wanda ya fi shi girma, mai kusan kilo 25, a yankin Agadas aka tsince shi a Nuwamban 2023. An yi gwanjonsa a Niyok a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

Na Mirrihu dai ba kasafai ake samunsu ba. Yawancin masu faɗowa daga wancan yankin na tsakanin Mirrihu da Mushtari suke, ragowar kayan ginin da ba a yi amfani da su ba. Alamominsu: ɓawo baƙi siriri, bai fi kaurin farce ba, inda iska ta ƙona shi wajen shigowa, wani lokaci da lotsawa kamar an danna yatsa a cikin laka. Ya fi dutsen gari nauyi in girmansu ɗaya. Yawanci maganaɗisu yana kama shi. In ka goga ƙaramin gefe da fayil za ka ga ɗigon ƙarfe mai ƙyalli, da wasu 'yan ƙwallaye kamar ƙwayar gero.

Abubuwa uku ne ke yaudarar mutane a ƙasarmu. Na farko kashin maƙera na tsoffin wuraren narka tama: baƙi ne, yana da nauyi, maganaɗisu na iya kama shi, amma yana da ramuka kamar soso, dutsen sama kuwa kusan bai taɓa yin ramukan kumfa ba. Na biyu tsakuwar marmara da dutsen tama, waɗanda in ka goga su a bayan tayil za su bar layi ja ko ruwan ƙasa. Na uku gatarin aradu, wanda ba daga sama yake ba, mutanen da ne suka wasa shi da hannu.

In ka sami wanda ya cika alamomin, kada ka wanke shi, domin ruwa yana sa ƙarfen cikinsa tsatsa. Kada ka fasa shi da guduma, kada kuma ka yi ta manna masa babban maganaɗisu irin na lasifika, yana goge bayanan da masana ke karantawa a jikinsa. Ka ɗauki hotonsa a inda yake kwance kafin ka ɗaga, ka rubuta wurin da ranar, ka sa shi a busasshiyar leda mai tsabta, sannan ka kai sashen nazarin duwatsu na jami'ar da ta fi kusa da kai. Gutsure kaɗan suke yankewa don awo, sauran su maido maka.